Sunan da Ke Kan Takardar Sallamata

Shekara ashirin da wani abu na yi ina aikin jinya a asibitin barikin soja, kuma yawancinsu da sunan wani mutum a ƙirjina na yi su. Da sunan Babana na shiga. Shi ya raka ni har bakin ƙofa ranar ɗaukar kurata, ya tsaya cikin rana da lemarsa yana faɗa wa duk wanda ya kalle shi cewa waccan doguwar 'yarsa ce. Da na yi aure, sai mijin ya ce shi ba zai zauna da matar da ake kira da sunan wani namiji ba, ko da ubanta ne. Ɗan boko ne, yana son a ce Misis. Muka je wurin akawun bariki, aka buga sanarwa a jarida, kafin in ankara tela ya farke sunan Baba daga kakina ya ɗinka nasa. A duk aikin gwamnati ban taɓa ganin abin da ya tafi da sauri irin wannan ba.

Ni kuwa irin tarbiyyar da aka yi mini, mace ba ta kama sunan mijinta. A gida "maigida" nake cewa. Amma a fareti da sunan za a ƙwala mini kira, in amsa da ƙarfi. In wani babban hafsa ya tambaye ni sunana, sai in faɗe shi a guje can ƙasan maƙoshi, kamar mai haɗiyar magani. Abokan aiki suka gano ni, suka riƙa tsokanata: "Saje, wai yaya ma sunanki?" Mu yi ta dariya.

Da na ajiye aiki aka ba ni takardar sallama, da sunan maigida a sama da manyan baƙaƙe. Ban damu ba. Na dawo zaman gida, sai gidan ya yi mana kaɗan. Ashe duk shekarun nan aikin dare da na rana ne ke riƙe da auren. Wata rana da hantsi, a gaban yayansa, kan maganar da ba ta kai ta kawo ba, ya ce, "Ki tafi gidanku, na sake ki." Na haɗa kayana. Ƙawayena suka ce in tsaya ya rubuta mini a takarda. Na ce soja ba a maimaita masa umarni.

Gidanmu kuma ya riga ya tashi. Tun bayan rasuwar Inna, Baba ya zo umara ya ce shi kam ya iso, ya zauna wurin ƙanena da ke tuƙa wa kafilinsa, Balaraben da ya tsaya masa, mota a nan Jidda. Na biyo da bizar umara don in gaishe shi. Na same su a unguwar Mahjar, ɗaki biyu a saman bene, ciwon suga ya cinye idon Baba ya sauka ƙafa. Na warware tsumman da suka ɗaure ƙafar da shi, na ga abin da na gani, na san ba inda za ni. Biza ta mutu ina tsugune ina wanke gyambo.

Wata la'asar muna shan shayi, Baba ya ce, "Saje, ina takardar nan taki? Kawo in taɓa." Saje yake ce mini tun da na samu igiya uku. Na ɗauko daga akwati na sa masa a hannu. Ya shafa, ya shafa, ya miƙa wa matar ƙanena ta karanta masa. Ita haifaffiyar unguwar Hindawiyya ce a nan Jidda, kakanninta da ƙafa suka zo daga ƙasar Hausa, Hausarta rabi Larabci ne kuma ba ta iya ɓoye magana ba.

"Yaya, wannan ism ɗin na wane ne? Ai ba na Baba ba ne."

Na ce na tsohon mijina ne, haka ake yi a aikin gwamnati.

"Lesh? Don me? Mu nan mace bint ubanta ce har ta mutu, ko aure goma ta yi. Ya sake ki, halas, kuma yana nan a waraƙa?"

Baba ya karɓi takardar ya ɗora a gwiwa. Ya san ana ce mini Misis, amma ya ɗauka kiran baki ne. Ya daɗe yana bin ta da babban yatsa kafin ya ce, "To ni ina nake a ciki?"

Na ajiye kofin shayin. Na ce masa za a gyara, ai ba wani abu ba ne.

Na kira wata tsohuwar abokiyar aikina a gida, ta je ofishin da ke riƙe da takardun tsofaffin sojoji. Ta dawo mini da bayani. Sai na kawo shaidar saki daga kotu, sai na yi rantsuwa, sai na sake bugawa a jarida, sannan in zo da ƙafata in dangwala yatsa. Na ce lokacin da za a cire sunan ubana wa ya nemi yatsana? Ta ce kada in yi mata faɗa, ita 'yar aike ce.

Na gaya wa ƙanena. Ya ce, "Yaya, ke ba iƙama gare ki ba, ba ki da takardar zama. In kika fita, basma za su yi miki, shekaru ba dawowa." Basma ita ce dangwalen yatsan da ake yi wa wanda ya wuce wa'adinsa. Yatsa ɗaya, can ana nemansa don a gyara mini suna, nan ana nemansa don a rufe mini ƙofa. Baba kuwa ba shi da shekarun jira.

Abokiyar tawa ta ce in dai takardar saki ta samu, akwai wani tsohon ogammu da wataƙila zai sa baki a ɗaga mini zuwan. Yayan mijin da aka yi sakin a gabansa ya rasu. Saura mijin kansa. Ya sauya lamba, sai da na bi ta kan mutane uku, kowanne ya ce wa kike nema, in faɗi sunan ɓaro-ɓaro. Sunan da na yi shekaru ina ɓoyewa don girmamawa, ga ni ina yawo da shi a waya ina bara.

Da na same shi ya gaishe ni lafiya lau, har da tambayar jikin Baba. Na faɗi abin da ya kawo ni.

"Ai na faɗa da baki, Allah ya ji."

"Ofis bai ji ba."

"To me sunan ya yi miki? Da shi fa kika samu igiyoyinki."

Nan ne bakina ya ƙwace. Na ce igiyoyina da jinin 'ya'yan mutane a farcena na same su, lokacin yana kwance yana minshari. Ya ce zai duba, ya kashe waya. Na sake kira na ba shi haƙuri, ni da aka saka, ya sake cewa zai duba. Daga baya ya daina ɗauka. Ban ma jin mugunta ce. Gani yake abin bai kai ya sa takalmi ya je kotu ba.

Duk Juma'a in na yi wa Baba wanka na sa masa farar riga, sai ya ce, "Saje, an gyara?" In ce ana kai. Ranar da na gaji da ana kai, na zauna a gabansa na gaya masa komai.

Ya ce, "To ki je mana."

"In na je ba zan dawo ba, Baba. Wa zai wanke ƙafar?"

Ya laluba ya taɓa ƙafar. Can ya ce, "Bar musu. Ni na ba mijin naki ke, ni na ce ki yi masa biyayya." Bai ƙara tambaya ba. Juma'a ta zo ta wuce, in tsaya da tawul a hannu ina jiran tambayar, shi kuma ya ce in miƙo masa carbi. Da ma ya ci gaba da tambaya, da ya fi mini sauƙi.

Wata rana da safe ya cika, kansa a cinyata. Maza suka ɗauke shi, mu mata muka zauna a ɗaki. Da ƙanena ya dawo, ƙafarsa duk ƙura, na tambaye shi abin da suka sa a kan kabarin. Ya dube ni ya ce, "Yaya, kin san nan ba a rubuta suna. Dutse ne kawai." Na sani. Bakina ne ya tambaya.

Yanzu kowa cewa yake in koma, ba abin da ya riƙe ni. Abokiyata ta kira ta ce in zo a gwada, ko ba takardar saki wataƙila rantsuwa ta isa. Na ce na ji. In an gyara, wa zan sa wa a hannu ya shafa? Mutumin da ya tsaya a rana da lema yana nuna ni ga mutane yana kwance a wurin da ko ƙanena ba ya iya rantsuwa wane dutse ne nasa. Takardar tana ƙasan akwati, cikin ledar da na zo da ita. Duk wanda ya buɗe ta bayan raina zai karanta cewa matar wane ta yi aiki, ta gama lafiya, an sallame ta.