Minti Ɗaya na Alhaji a Cikin Inuwa

A shekarun da kuɗin man fetur suka sa kowane mahajjaci yake dawowa da rediyo da agogo, wani Alhaji mai motocin dako a Jibiya ya dawo da kyamarar ɗaukar fim. Bai iya aiki da ita ba. Da yake shi ne shugaban iyayen yara a makarantar da nake koyarwa, sai ya ba mu aronta domin mu ɗauki waƙar da 'yan aji bakwai suka shirya.

Zaren fim ɗaya muka samu, mai cin minti uku. Kyamarar ba ta ɗaukar murya, saboda haka muka naɗi waƙar a rikoda, yara za su bi ta da baki. Mako guda ina zuwa bakin iyaka, inda za mu yi ɗaukar, da agogo da littafi, ina rubuta inda hasken rana yake sauka a kowace sa'a. Na raba mintuna ukun kashi tara. A farko zan hau bisa buhunan gero a bayan babbar mota, in ɗauko layukan yara daga sama. Sannan in kwanta ƙasa in ɗauki sawayensu suna takawa tare. Sannan in ja kyamara a hankali daga ƙarfen shingen iyakar zuwa fuskokinsu. Minti na ƙarshe na keɓe shi ga mai ba da waƙar, ɗiyar wani manomi daga Farfaru, fuskarta kaɗai cike da hoton.

Ranar ɗauka Alhaji ya iso da hantsi, aka kafa masa rumfa, aka shimfiɗa darduma. Ya karɓi takardar tsarin, ya sa hedimasta ya karanta masa.

"Malam, ni ina nike cikin wanga lissafi?"

"Ranka ya daɗe, waƙar ta ɗalibai ce."

"Kyamarar kuma ta ubansu ce? Ɗiyar mai garma ta cika hoto, ni ko hulata babu? Kai dai riƙe allinka. Mintin ƙarshe nawa ne."

A gaban ɗalibaina ya faɗi haka, har wasu direbobi suka yi dariya. Yarinyar, wadda ta aro kallabi don wannan rana, ta koma layin baya ba tare da an ce ta koma ba.

Ina so a san cewa na gargaɗe shi. Na ce, "Alhaji, a daure a fito rana, inuwa ba ta fita a fim."

Ya ce, "Ni in tsaya rana kamar mai jiran mota? Ɗauke ni nan inda nike."

A jikin kyamarar akwai wani zobe da ake murzawa a ƙara mata haske idan za a ɗauki abin da ke inuwa. Na san shi sarai, domin na karanta littafin kyamarar sau biyu. Yatsana yana bisa zoben. Na bar shi yadda na saita wa hasken rana, na danna. Alhaji ya gyara babbar riga, ya ɗaga carbi, ya yi murmushi na minti guda cur, ni kuma ina ƙirga daƙiƙun ɗaya bayan ɗaya, ban rage masa ko guda ba.

Bayan wata biyu fim ya dawo daga wanki. Muka aro majigi, muka toshe tagogin aji da tabarmi bayan la'asar. Alhaji ya zo da abokan cinikinsa na Maraɗi, ya zaunar da su a gaba. Yara suka fito fes, har zufar goshinsu ana gani. Da aka zo baiti na ƙarshe, bango ya yi baƙi ƙirin. Babu abin da ya rage sai ƙyallin agogo da wani fari-fari mai kama da haƙora, muryar yarinyar kuwa tana tashi daga rikoda.

Wani baƙo ya waiwayo ya ce mini, da irin kiran da mutanen Maraɗi suke yi wa malamin makaranta, "Mushe, injin ya mutu ne?"

Na ce, "Lafiyarsa lau. Alhaji ne ke nan."

Ba wanda ya yi dariya a fili, amma na ji kujeru suna rawa. Alhaji ya fita kafin a buɗe tagogi, washegari ya aiko aka karɓi kyamararsa.

Hedimasta ya kawo mini almakashi ya roƙe ni in yanke mintin, a zauna lafiya. Na ƙi. Fim ɗin ya shiga rajistar kayan makaranta da tsawon minti uku, kuma ba ni da ikon rage kayan makaranta. Duk ƙarshen zango ina nuna shi cikakke, har zaren ya tsufa ya tsinke, kuma duk lokacin da bango ya yi baƙi nakan ƙara wa rikoda murya.