A-kori-kurar Yaya a Tudun Mpape

Shekara talatin da biyu na yi ina aikin gwamnati a Abuja, kuma ƙarfe mafi nauyi da na taɓa riƙewa a tsawon wannan lokaci shi ne makullin ofis. Ko tayar motata ce ta yi faci, gefe nake tsayawa in harɗe hannu a baya ina ba da umarni. To ni ɗin nan, wata biyar da yin ritaya, na tashi wai zan tayar da a-kori-kurar da ta shekara tara ko tari ba ta yi ba. Da matata ta ji, sai da ta ajiye ludayi ta nemi kujera don ta yi dariyar da kyau.

Motar ta yayana ce. Da ita ya yi ta jigilar tsakuwa daga wuraren fasa dutse na Mpape zuwa inda ake gine-gine, tun garin nan bai cika ba, kuma a bayanta na fara shigowa Abuja, zaune a kan akwatina. Da idonsa ya fara dushewa, sai ya hau da ita wani fili a saman tudu kusa da ɗakinsa, ya juya hancinta gangare, ya tokare tayoyin da duwatsu, ya ce sai ya warke. Bai warke ba. Idon ya tafi gaba ɗaya, shi kuma ya shige ɗaki, daga carbi sai rediyo. In na je gaishe shi, “lafiya lau” ce kawai nake samu, daga nan sai mu yi ta sauraron labaran duniya tare.

Wata Asabar na hau tudun ina haki, sai na tarar da shugaban 'yan gwangwan na unguwar, masu sayen tsofaffin ƙarafa, yana zagaya motar yana ƙwanƙwasa bodinta kamar mai tayin rago. Ashe mai filin ne ya aiko cewa nan da mako uku zai haƙa harsashi, a kwashe masa komai. Na shiga wurin Yaya na gaya masa.

Ya ce, “Na ji. Ka ce musu su bari sai ranar da aka kai ni asibiti. Ba na son in ji ƙarar gudumar.”

Wallahi maganar nan ta soke ni. Ni kuma Allah Ya yi ni da saurin hawa, sai kawai na ji bakina ya ce, “Babu mai yanka ta.”

“Wa zai hana?”

“Ni. Zan tayar da ita.”

“Kai? Kai da ƙwan fitila ma sai ka kira mai gyara?”

Ya yi dariya har da buga cinya. Na ji haushi, ba na ɓoyewa, amma rabon da in ga haƙoran Yaya a waje har na manta, don haka na haɗiye.

Ga yadda lamarin yake. Gidaje sun tsiro sun matse hanya, motar janwe ba za ta iya hawa ba. Hanya ɗaya ce tak ta rage, siririya, mai gangarawa har bakin kwalta, kuma daidai inda ta ƙare nan rumfar 'yan gwangwan take. A Abuja kuwa ba a barin matacciyar mota a bakin titi. Ko dai ta sauka da injinta yana aiki in wuce da ita gidana a Dutse Alhaji, ko kuma mu kai musu ita har ƙofa da hannunmu.

Washegari na dawo da sabbin sifanu cikin akwati, suna ta ƙyalli, da bokiti da sabulu. Na wanke ta tas. Na kori ƙadangaru, na kwashe gidan ɓera daga ƙarƙashin kujera. Matar da ke sayar da shinkafa da wake a gefen filin, wata Bagwariya mai son raha, ta leƙo ta ce, “Oga, motar nan ya mutu tun tuni. Wankan gawa kake yi masa?” Na yi kamar ban ji ba. Na ɗaga murfin inji, na ga wasu baƙaƙen wayoyi huɗu sun cukurkuɗe sun yi ƙura. Abin ya tsaya mini a rai, don ni mutum ne da ba ya son hargitsi. Na cizge su duka, na goge su, na jera su a kan tabarma daga doguwa zuwa gajera, yadda na saba jera fayil. Sannan na je na ba Yaya rahoto ina taƙama.

Ya rage muryar rediyo. Can ya ce, “Duka huɗun?”

“Duka.”

“Ka yi wa kowace alamar inda ka cire ta?”

“Wace alama kuma? Ai duk iri ɗaya ne.”

“Innalillahi! Karambanin akuya, gai da kura! Ba ni sandata.”

Ranar ce Yaya ya fito. Ya kama kafaɗata muka taka har filin, yana faɗa tun daga bakin ƙofa, yana cewa wayoyin fulogi ne, kowace da raminta da lokacin da take kai wuta, in aka sauya musu wuri ko shekara za a yi ana turi ba za ta tashi ba. Da muka isa sai faɗan ya tsaya cak. Ya shafa ƙofar motar, ya bi gefen bodin da tafin hannu har ya kai wata lotsawa, ya ce wannan wata tifa ce ta yi masa ita a shekarar da aka haifi 'yarsa ta fari. Mai shinkafa ta kawo masa benci. Daga ranar nan bencin ya zama ofishinsa, ni kuma na koma ɗan koyo da furfurata.

Abin da ya fara ganowa shi ne injin ya kame, ko motsi ba ya yi. Ya sa na kwance fulogai, na ɗura kananzir da ɗan bakin mai a kowane rami. Na ce to sai me? Ya ce sai haƙuri. Kwana biyar! Ni da nake ƙirga kwanaki kamar mai jiran sallah, aka ce in zauna in jira kananzir ya yi aikinsa. Na ce ko in samo guduma in ɗan taimaka masa? Ya ce in na ƙara ambaton guduma a gabansa zai nuna mini har yanzu shi ne babba.

Ba mu zauna haka nan ba. Na samo tayoyi na hannu muka sauya, kuma a nan na san cewa noti mai tsatsa ba ya jin Turanci. Na ɓare yatsu uku. Sai aikin birki, wanda Yaya ya ce shi ne gaba da komai, don wanda zai gangara tudun Mpape ba birki gara ya yi sallama da iyali tukuna. Ya shiga ya zauna a kujerar direba, ni kuma na kwanta a ƙarƙashi da sifana ina fitar da iska daga bututun. Ni ke ba da umarni: “Taka! Riƙe! Saki!” Shi kuma yana bi. Kai, na ji daɗin wannan aiki! Tun da aka haife ni ban taɓa ba Yaya umarni ya bi ba. Na riƙa ƙarawa ko da an gama, har sai da ya gane ya ce, “Kai, ɗan nema, wasa kake da ni ko?”

Kowace safiya kuma sai mu matsar da duwatsun gaba kaɗan, a sa ta a giya, 'yan garuwa da ke wucewa su ajiye kurarsu su kama mana, mu yi ta jijjiga ta gaba da baya. Kwana na shida, muna cikin jijjigawa sai muka ji wani ƙas daga cikin inji, kananzir ya yi tsartuwa ta ramukan ya wanke mini fuska. Yaya ya ce, “Alhamdulillahi, ta saki!” Na tsaya ina tofar da kananzir ina murna kamar an yi mini ƙarin girma.

Saura ɓarnar da na yi. Na zaci sai an kira bakanike da na'ura, amma Yaya ya naɗe hannun riga ya laluba ya toshe ramin fulogi na farko da babban yatsansa. Ya ce in sa babbar sifana a gaban inji in juya a hankali. Ina juyawa, ina juyawa, sai na ji fus, iska ta ture yatsan.

“Tsaya nan! Ta cika numfashi, yanzu take son wuta.”

Ya kai ɗaya hannun cikin ɗan kwanon da ke raba wuta, ya taɓa inda harshensa ya nuna, ya ce nan wayar farko za ta zauna. Sauran ya sa na bi da su zagaye: ɗaya, uku, huɗu, biyu. Na ce me ya sa ba ɗaya, biyu, uku, huɗu ba, kamar yadda kowane mai hankali ke ƙirga? Ya ce in je in tambayi wanda ya ƙera ta. Na tsaya ina kallon hannayen nan suna yawo a cikin inji ba sa kuskure, ni mai ido biyu da tabarau ina ta neman inda na ajiye sifana. Kunya ta kama ni, da wani irin alfahari da shi.

Tankin ya ruɓe, don haka muka ɗaure jarkar fetur a kan rufi muka jawo tiyo zuwa kafireta. Na ciro batirin motata na sa. Na murɗa makulli, shiru. Na sake, shiru.

Yaya ya ce, “Kada ka wahalar da kanka. Kik ɗinta, abin da ke murɗa injin, ya mutu tun kafin in ajiye ta.”

“Shi ne ba ka faɗa ba sai yau?”

“Wa ke gyaran kik a Mpape? Me ya sa kake tsammani na juya hancinta gangare? Duk direban da ke kwana a tudun nan haka yake ajiye mota. Da safe ka janye dutse, tudu ya tayar maka da ita kyauta.”

Wato dama ɗaya gare mu. In ta gangara ba ta kama ba, babu mai iya maido ta sama.

Muka sa ranar Alhamis da hantsi, ana jibi masu haƙa za su zo. Unguwa ta fito. Mata suka janye kwanuka da shanya daga hanya, aka kore awaki. Can ƙasa ina hango shugaban 'yan gwangwan ya fito da kujerarsa bakin rumfa ya zauna, ya ɗaga mini hannu yana murmushi. Na ce Yaya ya jira a benci, in ta tashi in dawo in ɗauke shi a tasi. Sai kawai ya laluba ya buɗe ƙofa ya shiga ya zauna a gefena, ya ɗora hannu a kan giya.

“Taka kuloci. Na sa ta a ta biyu. Kada ka saki sai na ce.”

Muka yi bismillah, 'yan garuwa suka janye duwatsu. Ta fara tafiya a hankali tana ƙara kamar tsohuwar ƙofa, sannan ta ɗauki gudu. Sitiyarin ya yi tauri, katangu suna wucewa dab da madubi. Tsoro ya kama ni, na saki kuloci tun bai ce ba. Ta yi gir-gir, ta yi tari ɗaya, ta kusa tsayawa.

“Wa ya ce ka saki? Taka! Bar ta ta gudu!”

Na taka. Rabin gangaren ya riga ya tafi. Ina ganin rumfar tana matsowa, har ina iya hango tarin ƙarafan da ke bayanta. Na ce, “Yaya, mun kusa ƙasa fa!” Ya ce, “Rufe mini baki, ina ji.” Ya karkata kai, tafinsa ɗaya a kan ƙofa. Gumi ya cika mini ido. Saura gida uku, saura biyu.

“Yanzu! Ba ta wuta!”

Na saki, na danna totur. Ta fizge mu gaba, salansa ta yi harbi kamar bindigar toka, sai ga ruri. Ruri na gaske! Baƙin hayaƙi ya turnuƙe bayanmu, unguwa ta ɗauki ihu, ina jin guɗar mai shinkafa tun daga saman tudu. Muka wuce ta gaban rumfar, shugaban 'yan gwangwan ya miƙe yana kore hayaƙi da hula yana dariya, har da tafa mana. Yaya ya danna ham bai yi ƙara ba, sai ya fitar da hannu ta taga yana dukan ƙofa yana kiran, “A ba mu hanya! A ba mu hanya!” Ni kuwa dariya nake, hawaye na zuba, ban ma san da wanne zan ji ba.

A hankali muka lallaɓa har Dutse Alhaji, sau biyu muna tsayawa ba tare da mun kashe ta ba don mu ƙara wa lagireto ruwa. Matata ta buɗe mana ƙofar gida tana salati. Na shigar da motar tsakar gida, na kai hannu zan murɗe makulli, sai Yaya ya riƙe mini wuyan hannu.

“Bar ta tukuna.”

Ya jingina da kujera yana saurare. Ya ce fulogi na uku yana tsallake, fambel ya saki, akwai wani ƙwas-ƙwas a ƙasa da bai yarda da shi ba, ga kik, ga tanki, ga bodi duk ya cinye. Yana lissafawa fuskarsa na ta washewa.

Na ce, “Yaya, wannan ai aikin shekara biyu ne.”

Ya ce, “A hannunka? Uku.” Ya goge idonsa da bakin riga. “Ka sa a gyara mini ɗakin nan na waje. Ba zan bar ka da ita kai kaɗai ba.”