Waken Kawu da maganin da ba shi da takarda

Shekara goma sha ɗaya ina koyar da Ingilishi a kwalejin Gazawa, kuma aikin da ya fi cin raina ba na cikin aji ba ne, na ƙofar gida ne. Mu nan Faransanci muka yi a lakol, wato makarantar boko, amma kayanmu daga Najeriya suke hayewa, rubutun jikinsu duk Ingilishi. Saboda haka kowa ya ci karo da kalma sai ya nufo ni. Abin haushin, ba mai zuwa da takarda. A baki ake kawo mini ita, bayan ta bi ta bakin direba da na mai shayi. Wani ya ce mene ne "wik"? In ce mako kake nufi ko raggo, don duka haka ake faɗinsu. Wata ta ce mene ne ma'anar sunan da ta ji a salula, tana son yi wa jikarta laƙabi da shi, alhali sunaye uku na sani masu wannan amon. In na ce sai na ga rubutun, sai a fita ana cewa Mushe, yadda ake kiran malamin boko a nan, rowar ilimi gare shi.

Wata damina, wake ya fara fure, sai ga Kawu, yayan mahaifiyata, ya sauko daga kabu-kabu da hantsi. Shi ya riƙe ni tun ina ƙarami, kuma gonar waken nan ita ce abincin gidansa na shekara. Bayan mun gaisa ya zaro gorar ruwa daga aljihu, cike da wani abu ruwan ɗorawa.

Haka 'yan kasuwarmu suke sayar da maganin feshi. Su sayo babbar jarka daga ƙetaren iyaka, su riƙa tsiyayawa a gorunan ruwa da aka yar, kowa daidai ƙarfinsa. Takardar tana can jikin jarka, manomi ya tafi da ruwa tsirara.

Kawu ya ce, "Kwari sun taso wa wake. Mai wanga magani a Cadawa ya ce sunansa wani abu said. Mi ke nan?"

Na ce, "Kawu, masu said ɗin suna da yawa. Akwai insektisaid, na kwari. Akwai fanjisaid, na cutar ganye. Akwai habisaid, shi kuma ciyawa yake kashewa. Said ɗin kisa kawai yake nufi, abin da za a kashe yana farkon kalmar. Wanne ya ce?"

"Ni said na riƙe."

Na ɗauko alli, na rubuta masa ukun a jikin ƙyaure, shi da ko boko bai yi ba, ina ta bayani kamar ina gaban 'yan aji. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "To wanne ne a gorar?"

Na ce, "Ban sani ba, Kawu. Sai na ga jarkar."

Ya dube ni, ya mayar da gorar aljihu. "Duk karatun nan?" Ko furar da aka dama masa bai sha ba.

Washegari ina da aji har azahar. Ina tashi na hau babur sai Cadawa, raina a ɓace, ina zagin mai maganin a zuciya tun daga hanya. Na same shi a rumfa da jarkoki huɗu, da mazurari ɗaya da yake tsiyaya duka da shi. Na kwatanta masa Kawu, ya nuna jarkar da ƙafa. Rubutun ɓaro-ɓaro, habisaid, har da hoton ciyawa. Na ce don me bai gaya wa tsoho ba? Ya ce shi maganin feshi aka tambaye shi, maganin feshi ya bayar. Da ban tuna ni malami ne ba, da an raba mu.

Daga nan na miƙe ƙauyen Kawu. Tun daga bakin gona na ji warin. Famfon feshin yana jingine a gindin gawo, an wanke shi. Da sassafe Kawu ya gama feshin.

Cikin mako guda ganyen ya yi rawaya, furen ya zube, wake ya kwanta. Na koma na tarar da Kawu yana tsugune yana tuge busassun, yana tarawa gefe ɗaya don kada awaki su ci. Na fara faɗa a kan 'yan kasuwa da gorunansu, da mutanen da ba sa kawo takarda. Bai ɗago ba.

Ya ce, "Ɗana, kalma uku ka rubuta mini a ƙyaure. Da ka ce kada in fesa, da ban fesa ba."

Na buɗe baki in ce ai ba a ce wa kawu kada, ba haka ya rene ni ba. Na rufe. Na tuɓe takalmi na tsuguna kusa da shi, muka ci gaba da tugewa.