Tudun da Frau Kirsch ta ji da hannu

Shekara talatin da takwas Ekkehard Pohlmann ya yi yana gwajin madubai a wata ƙaramar masana'antar gilashi a birnin Jena. Ubansa mai narka gilashi ne, shi kuwa ya ɗan yi karatu, sai ya sami farar riga da ɗaki nasa. Ba mugu ba ne, amma yana da ciwon nan na wanda bai saba a ce masa ya yi kuskure ba.

Aikinsa shi ne ya raba hasken leza gida biyu, rabi ya daki madubin da aka goge, rabi ya daki gilashin awo. In suka haɗu sai layuka baƙi da fari su fito, kyamara ta ɗauka. Layi miƙaƙƙe na nufin madubi ya yi. In ya lanƙwashe, akwai tudu ko kwari a wurin. Sai dai kyamarar raggon ido gare ta. A rage haske, gefen madubi ya dushe. A ƙara, tsakiya ta yi fari fat, layukan su ɓace. Ekkehard kullum ƙarawa yake yi don ya ga gefe, kwamfuta kuma ta cike gurbin tsakiyar sumul, shi ko a jikinsa.

Waltraud Kirsch ce gwanar gugar madubi a gidan. Wata Talata ta ƙi sakin wani babban madubi.

"Herr Pohlmann, akwai tudu a tsakiya. Ina jin yadda yake riƙe min hannu."

A ɗakin cin abinci ya ba ta amsa, gaban mutum ashirin, da burodi da cuku a bakinsa.

"To jama'a, a sayar da kyamara, a rataye hannun Frau Kirsch a bango! Ko akwai ido a yatsunki ne ba mu sani ba?"

Aka kwashe da dariya. Daga ranar ta zama Frau Tudu, wato Uwargida Tudu. Da ta sake tsayawa kan bakanta sau biyu, shugaban sashe ya tambayi Ekkehard ra'ayinsa, ya ce tsufa ne ya fara taɓa ta. Aka mayar da ita wanke gilasai da sa su a kwali. Shekara shida ta yi a can har ta yi ritaya, kuma kullum ita ke fara gaishe shi da safe.

Bayan shekaru masu yawa, ana saura wata biyu ya aje aiki, injiniya Gesine Rademacher ta zo da wata dabara. A ɗauki hoto uku a jere, ɗaya cikin ƙiftawar ido don wurin da haske ya yi yawa, ɗaya matsakaici, ɗaya a bar kyamara ta daɗe don gefe, sannan a haɗe su. Ta nemi tsohon madubin da za ta gwada. Aka sauko da na Frau Kirsch daga kan kantar ajiya, don mai odar ya fasa saye tun lokacin.

Layukan suka fito tar daga gefe zuwa gefe. A tsakiya suka lanƙwashe.

"Kai, ga tudu nan ɓaro-ɓaro," in ji Gesine. "Wa ya zana wannan da'irar da fensir a bayansa? Ya dace daidai."

Ekkehard ya gane zanen Frau Kirsch ne. Kunya ta rufe shi, ya ji da ƙasa za ta tsage da ya shige. Abin da ya fi cin ransa shi ne ya daɗe da sanin tsakiyar hotunansa fari ce kawai, bai taɓa son ya tambayi abin da ke ƙarƙashin farin ba.

Kwana tara hoton na aljihunsa kafin ya hau taragon lantarki zuwa ƙaramin lambun Frau Kirsch a bayan gari. Ya tarar da ita tana tsinkar tuffa. Ta zuba masa kofi, ta yanka masa kek, ta dubi takardar sau ɗaya ta mayar masa.

"Frau Kirsch, ke ce da gaskiya. Ki yafe min."

"Ai ni na sani tun tuni, Herr Pohlmann. Ni ka zo ba wa labari? A lambu ka yi min dariya? Ka je ka faɗa a inda ka faɗi wancan. Ci kek ɗinka, kada ya bushe."

Ranar Litinin, ƙarfe tara, ya miƙe a ɗakin cin abinci. Ya buga cokali a kofi, ya ɗaga hoton, ya faɗi komai bai rage ba: madubin, dariyar, da maganar tsufan da ya yi wa shugaba. Sai da ya gama ya dubi fuskokin sosai. Waɗanda suka yi dariyar duk sun watse, wasu sun yi ritaya, biyu suna kabari.

Can wata mata daga sashen gugar madubi ta aje cokalinta.

"Yi haƙuri, Herr Pohlmann. Wace ce Frau Kirsch?"