Zuwa Alabar Don Cokalin Koko

Ana kiran assalatu motarmu ta bar Salaga, ni da surukata da 'yata mai shekara biyu a baya. Yarinyar nan duk abin da aka ba ta sai ta ƙware, ta yi ta tari har idonta ya yi ja, ta rame kamar tsinke. Aka ce mana akwai wata tsohuwar nas a Zongon Kumasi mai koya wa irinta haɗiya. Ni da ban taɓa wuce Yeji ba, murna ta hana ni karyawa.

A jirgin fito na rufe ido har muka haye, surukata tana yi mini dariya. Kifin Yeji araha kamar kyauta, doyar Atebubu kuwa kowace ta kai cinyata. Da muka fara gangara dutsen Mampong, dariyar ta koma salati, na samu na rama.

Kumasi! Motoci, hayaniya, ƙamshin wake da shinkafa ta ko'ina. A Alabar, unguwar nas ɗin, kowa na jin Hausa, sai dai mace ma "kai" ake ce mata.

Nas ɗin ta ce in ba yarinyar koko ta gani. Na kwantar da ita a cinya, surukata ta toshe mata hanci, na tara hannu zan yi ɗura yadda muka gada.

"Tsaya, Maame!" in ji nas ɗin. "Kokon nan ruwa ne paa, tsululu. Huhu yake tafiya, ba ciki ba."

Mu da muke ƙara masa ruwa don ya wuce da sauƙi! Ta dama wani mai kauri, ta zaunar da yarinyar a miƙe, haɓa ƙasa, ta ɗora rabin cokali a leɓenta, ta jira. Jiran ya ishe ni. Can sai na ga maƙogwaronta ya motsa. Ba tari. Ta sake buɗe baki da kanta! Na rangaɗa guɗa a ɗakin mutane, surukata tana share hawaye da mayafi.

Mun yi kwanaki muna zuwa har hannuna ya saba, sannan muka kamo hanyar gida. Yanzu ciyar da ita kan cinye mini hantsi, amma kumatu sun fara fitowa. Abin da na koyo a tafiyar nan ya yi mini daɗi, ya kuma yi mini ciwo. Shekara guda muna ce mata mai taurin kai, ashe yunwa take ji kamar kowa, tsoron hannunmu ne ya hana ta ci.