Madrinha Deolinda da Gadon Babana

Ranar Talata, 12 ga watan Maris, ƙararrawar cocin Vilar de Urzes ta yi bugun rasuwa, kafin tsakar rana labari ya game gari cewa Allah ya yi wa Deolinda Meireles cikawa, tsohuwar nas ɗin asibitinmu, tana da shekara tamanin da takwas. Ke kika riƙe ni ranar baftisma, shi ya sa ni Graciete ban taɓa kiran sunanki ba, sai Madrinha, wato uwar baftisma. Na zauna in rubuta miki kuka, amma wallahi dariya ke ta katse ni, kuma na san ba za ki ji haushi ba.

Yaran yanzu sun buɗe ido sun ga bene, da ɗakin haihuwa, da motar ɗaukar marasa lafiya, suna zaton haka abin ya sauko daga sama. Ina! Lokacin da kika fara, asibitin ɗaki biyu ne a tsohon ma'ajin man zaitun na bayan coci, daga ke sai Likita Serafim. Kin yi wata guda kina goge daɓe ƙanshin mai bai fita ba. Ga magani, ga gadajen ƙarfe, amma babu mai kwanciya. A wurin mutanenmu, mai mutunci a gadon gidansa yake jinya, a kansa yake cikawa. Asibiti na wanda ba shi da kowa ne, kai iyayenka can kuwa abin kunya ne.

Ana cikin haka, a shekarar da na yi aure, ana tsakiyar tsinkar inabi, babana Albano ya faɗi a gona. Ƙaba ce ta murɗe masa hanji. Likita ya duba shi a gida ya ce ko a yi masa aiki a asibiti yau, ko a kira fada, limamin coci, ya yi masa addu'ar ƙarshe. Babana yana zufa, yana cije leɓe, ya ce a kira fadan.

"A gadon nan aka haife ni," in ji shi, "ba zan je in mutu a kan ƙarfen gwamnati kamar mara gata ba."

Na yi kuka, innata ta yi roƙo, ko gezau. Sai ga ki kin shigo, hannun riga a naɗe.

"Albano, kai da jakinka ban san wanda ya koya wa wani taurin kai ba. Gadon ne ba ka son rabuwa da shi?"

"Shi ne."

"To kwanta abinka, kada ka motsa."

Kika leƙa waje kika kira masu tsinkar inabi. Gadon kakanmu na katako ne mai faɗi, ya ƙi fita, kika sa aka ɓalle ƙofar gidan gaba ɗaya. Aka ɗauke shi da babana a kai, aka ɗora a amalanken shanu. Ranar kasuwa ce kuwa! Muka ratsa ta tsakiyarta, ke a gaba da sandar kora, shi a sama ya ja bargo har hanci yana zagin duk wanda ya gaishe shi. Mutane suna dariya, ni ina bin amalanke ban ɗauke ido daga kansa ba, don na ga yadda fuskarsa ta yi fari. Da aka fito da shi daga aiki ya farka, ya shafa katako ya ji nasa ne, abin da ya fara tambaya shi ne wa zai mayar masa da ƙofa.

Da ya warke sai ya ƙi ɗauke gadon, wai ko wani ɗan unguwarmu zai buƙata. Daga nan kunya ta kau. Kowa ya riƙa zuwa da gadonsa, wanda ya samu lafiya ya bar shi sadaka, har ɗakunan biyu suka cika, sai mutum ya bi gefe-gefe kafin ya wuce. Dole gari ya fito aikin gayya: maza suna fasa dutse, mata suna dafa miyar kabeji da dankali, ke kuma kina tsaye kina yi wa magina faɗa a kan tagogi sun yi ƙanana. Haka aka yi ɗaki na uku, aka yi na haihuwa inda kika karɓi 'ya'yana duka, har hukuma ta ga ba wasa muke ba ta turo ƙarin likitoci.

Ranar jana'izarki mun so mu bar babana a gida saboda sanyi, shekararsa casa'in da uku. Ya ce ko da rarrafe sai ya je. Ya dogara sandarsa har bakin akwatinki, ya cire hula, ya daɗe yana kallonki, sannan ya ce yadda duk coci za ta ji:

"Kin kyauta ke nan, Deolinda? Kin hana ni tafiya, ke kin sulale."

Mutane suka fashe da dariya, hawaye yana zuba. Shi kaɗai ne bai yi dariyar ba.

Allah ya jiƙanki, Madrinha, ya yafe miki kurakuranki, ya ba ki hutun da ba ki taɓa yarda kin yi ba a duniya. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanki, Fausto da Idalina, da jikoki, da ma'aikatan asibitinmu. Allah ya ba mu haƙurin rashinki, ya sanyaya wa babana zuciya. Amin.