Jarkar Mai a Hanyar Kalmalo

Shekarar da gwamnatin tarayya ta rufe iyaka, ta kuma hana kai fetur gidajen man da ke kusa da Nijar, ina koyar da darasin zaman ɗan ƙasa a wata makarantar 'yan mata a Illela. Yayana kuwa manomin albasa ne a bakin tafkin Kalmalo, shi ke riƙe da Innarmu da nasa iyalin. Albasar nan ita ce cin gidan na shekara. Ba ta rayuwa sai da injin ban-ruwa, injin kuma ba ya jin lallashi, fetur yake sha.

Albasa ta fara yin kai, man ya yanke. Lawashi ya soma kwanciya. Yaya ya hau babur ya tafi can wajen Gwadabawa ya samo jarka guda, ya biyo ta gidana ya ɗauke ni don in gaida Inna.

A bayan gari muka tarar da shingen jami'an kwastan. Babban jami'in wurin, wani dogo mai Hausar Kano, ya ɗaga hannu. Aka kwance jarkar aka ajiye ta gefe.

Abin da ya fi ƙona mini rai ba ƙwacen ba ne, Yaya ne. Mutumin da ke yi mana tsawa a gida, sai ga shi yana sosa ƙeya yana cewa, "To, yallaɓai, Allah shi huci zuciyarka." Ya juyo gare ni: "Auta, mu tai. Gwamnati ce. Iyaka tata ce, mu mi muka iya?"

Na diro daga babur, mayafina har yana kama ƙafata.

"Ranka ya daɗe, ina iyakar take?"

Jami'in ya nuna arewa da haɓa.

"To mu yamma muka nufa. Gona za mu."

"Malama, kowa gona yake cewa. Daga Kalmalo zuwa Nijar ai tafiyar jaki ce."

Ban iya musa wannan ba, wallahi. Na san masu yi, wasunsu ma mun haɗa kaka. Amma na ce masa ni abin da nake koya wa yara shi ne, tsarin mulki ya lissafa wa gwamnatin tarayya ayyukanta, bai ce komai nata ne ba. An ba ta tsaron iyaka, ba a ba ta fangalin albasar Yaya ba.

Ashe shi ma ya karanta. Ya ce an ba ta iyaka, an ba ta sha'anin mai, an kuma ba ta duk abin da take bukata don ta cika waɗannan ayyuka. Haka ne kuwa, yana ciki.

Na ce, "Ai nan gardamar take! Idan 'abin da take bukata' ba shi da baki, to gobe ku zo ku auna man gyaɗar Inna, shi ma ana kai shi Konni cikin Nijar. Wace bukata ce ta kai ga kashe gonar da ba ta taɓa ƙetare iyaka ba?"

Yaya ya yi ta jan hannun rigata. "Ke Auta, rufa mani asiri! Nan ba aji ba ne."

Ni kuwa na san bakina ya sha jawo mini, yau kuma ba ni zai jawo wa ba, Yaya ne. Sai jami'in ya ɗauki jarkar da kansa ya ɗaura a bayan nasa babur.

"Aikina in hana mai fita ƙasar nan. Mu je in ga inda wannan zai shiga."

Muka tafi a jere, shi a baya. Da muka isa, ya tsaya ya dubi gonar. Fangulan da ke nesa da ruwa sun riga sun ƙone, babu abin da za a yi musu. Yaya ya ɗura man a gabansa, ya ja igiya, injin ya yi tari ya kama. Da ruwa ya biyo tiyo ya shiga fangalin farko, na ji ƙwalla ta zubo mini, ban kuma ɓoye ba.

Daga ranar aka sami hanya. Duk manomin da ya zo da jarka, sai a haɗa shi da jami'i guda ya raka shi har bakin inji. Wahala ce, wani lokaci a yi ta jira rana na duka, kuma ba kowane shinge ya yarda da haka ba. Amma albasa ta sha ruwa a Kalmalo.

Da aka cire albasa, Yaya ya cika buhu da zaɓaɓɓu zai kai wa jami'in. Muka yi kaca-kaca da shi. Na ce in ya kai, ya mai da haƙƙinsa alfarma, alfarma kuwa ana janye ta. Ya ce ni dai ban san mutunci ba, boko ya cinye ni. Ya ɗora buhunsa ya tafi.

Kafin la'asar sai ga shi a ƙofar gidana, buhun na nan a bayan babur, ko kwance shi ba a yi ba.

"Mi ya faru, Yaya?"

Ya kashe babur, ya share gumi. "Ya ƙi amsa. Wai bai ba ni komi ba, abin da ba nashi ba ne ya sakar mani. Ya ce in ya amsa, gobe mutumin da gonarshi ta ƙone duka, mi zai kawo kafin a bar shi shi wuce?"